Jan Biro a Shafi na Tara

Takalman Gwaggo na fara gani. Baƙaƙe ne masu faɗi, dunduniyar na hagu ta cinye ta gefe guda, kuma ba ta taɓa ajiye su a jere ba: ɗaya a kan tabarmar ƙofa, ɗaya ya kife a gindin radiator, ƙarfen ɗumama ɗaki. Ranar Juma'a ce, na dawo daga makaranta wajen ƙarfe huɗu, sanyin babban titin Lewisham, unguwarmu a nan ƙasar Turawa, ya sa hancina yana zuba. Ina ganin takalman na gyara hijabina, na shirya gaisuwa a bakina tun daga corridor. Gwaggo yayar Abba ce, kuma tana sauraren gaisuwa kamar mai karɓar hadda.

Abu na biyu da na gani shi ne fayil ɗina shuɗi a kan teburin falo, a buɗe, an danne shafin da remote. A ɗakina na bar shi da safe, ƙarƙashin ƙamus. Daga baya na gane cewa Gwaggo ta shiga ɗakin yin la'asar, domin can dardumar take. Ban san raka'a ta nawa ce take sa mutum ɗaga ƙamus ba.

"Gwaggo, ina wuni?"

Ba ta amsa ba. Umma tana zaune a bakin kujera, hannuwanta a tsakanin gwiwoyi, ko rigar asibiti ba ta cire ba.

"Zo nan," in ji Gwaggo. "Karanta min wannan. Da ƙarfi, uwarki ta ji."

Ta ɗora yatsa a kan wani kan magana da na rubuta da manyan baƙaƙe, har na ja masa layi da rula. Na karanta cikin muryar da ni kaina da ƙyar nake ji: "Lesbian olive oil."

"Kin ji ko?" ta ce wa Umma. "Har man girkinsu gare su! Innalillahi. Mu muna can Stratford muna cewa yarinya tana karatu, ashe madigo ake koya musu har da yadda ake soya miya."

Da wani wuri ne da na yi dariya. Amma na kalli Umma, Umma ta kalli kafet.

Ga yadda abin ya faro. Makonni uku kafin ranar, malamar tarihi ta shigo aji da gwangwanin biskit cike da 'yan takardu a naɗe. Kowace takarda da sunan wani tsibiri na ƙasar Girka. Ta raba mu biyu-biyu, ta ce kowace ƙungiya ta haɗa fayil mai kashi uku: tarihin tsibirin na da, almarar mutanensa, da yadda ake rayuwa a cikinsa yau. Ta ce kada a tsallake komai. A ƙarshe kuma a rubuta shafi ɗaya da muryar wani mutumin tsibirin, wadda take da harshen gida ta rubuta da shi, ta karanta wa aji.

Ni da ƙawata aka haɗa. Ba sai an tambaya wace ƙawa ba, ita kaɗai gare ni. Iyayenta 'yan zangon Kumasi ne. Da a bayan kasuwar Lewisham suke, sai council, hukumar da ke ba da gidaje, ta mayar da su Stratford, amma ta ƙi sauya makaranta. Kullum tana hawo jirgin ƙasa da safe, ta iso da kunne ɗaya a toshe da waƙa. Shekara biyu na yi a makarantar ina cin abincin rana ni kaɗai a kan matakala kafin ranar da ta ji ina amsa wayar Umma, ta tsaya a kaina ta ce, "Kai! Kana jin Hausa?"

Haka Hausarta take. Ba ta da "ke", ba ta da "ita". Ni "kai" ce, mamanta "shi" ne, malama "ya zo", kaza "ya yi ƙwai". Tun daga ranar Hausa ta zama ɗakinmu a tsakiyar makarantar, muna shiga mu rufe ƙofa. Ita ce mai baki, mai amsa tambaya tun ba a gama yin ta ba. Ni ce mai rula da biro kala uku. Ta fi ni lissafi, ta fi ni gudu, ta fi ni iya kallon mutum a ido. Hausa kaɗai na fi ta, kuma ban taɓa bari ta manta ba.

Ita ta sa hannu a gwangwanin. Da ta warware takardar ta karanta "Lesbos", bayan aji ya ɗauki ihu. Wata ta yi fito. Malama ta jira suka gama, sannan ta ce tsibirin ya riga kalmar da suke wa dariya zuwa duniya da shekaru dubbai, kuma duk abin da ya fito daga can, mutum ne ko mai ko cuku, sunansa ke nan a Turanci: "Lesbian". Ni dai ina kallon wani tabon tawada a kan teburina.

Amma da muka fara aikin sai tsibirin ya kama ni. Kwamfutar laburaren makaranta ta ƙi buɗe mana rabin shafukan saboda kalmar, har na olive oil ɗin, wato man zaitun. Sai da mai kula da laburare ta zo ta sa lambarta. A can na ga akwai wani kurmi a yammacin tsibirin da tokar dutse mai aman wuta ta binne tun kafin a yi mutane, itatuwan suka koma dutse a tsaye, har zoben shekarun da ke cikin kututture ana iya gani. Na kwafi hoton da fensir, sau biyu, don na farko bai yi ba.

A kashin almara muka sami labarin wani mawaƙi da ko namun daji suke tsayawa su saurare shi. Wasu mata suka fusata da shi, suka yayyaga shi, suka jefa kansa a kogi tare da molonsa. Kan ya bi ruwa har teku, yana tafe yana waƙa, har igiyar ruwa ta ajiye shi a gaɓar Lesbos. Mutanen tsibirin suka binne shi da daraja, shi ya sa, in ji su, tsuntsayensu suka fi na ko'ina zaƙin murya. Ƙawata ta ce, "Wannan mutum bai san a yi shiru ba. Kamar mamana."

Sai mawaƙiyar. Mace ce da ta rayu a tsibirin tun kafin zuwan Annabi Isa da ƙarnoni, tana tsara waƙa ana rerawa a biki, tana yi wa matan da take ƙauna waƙa, daga nan kalmar ta samo ma'anarta ta biyu. Abin da ya tsaya min a rai shi ne yawancin waƙoƙinta sun ɓace. Wasu an tsinto su ne a tsohon jujin Masar, a kan guntayen takardar da ƙwari suka ci, kalma biyu a nan, rami, kalma ɗaya a can. A littafin laburaren an bar gurbin ramukan fari fat. Na daɗe ina kallon fararen wuraren nan. Ban san dalili ba, sun fi min kalmomin nauyi.

Kashin rayuwar yau ni na rubuta shi, jimla biyar, a bushe kamar takardar asibiti. Na ce akwai wani ƙauye a bakin teku inda aka ce can aka haifi mawaƙiyar, kuma duk bazara mata masu son mata suna zuwa daga ƙasashe da yawa, su kama ɗaki, su yi iyo, su yi taronsu. Na ce wasu 'yan tsibirin suna maraba da su, wasu kuma haushi suke ji an ɗauke musu suna. Muka manna hoto ɗaya. Wasu mata biyu ne masu furfura a teburin cin abinci a kan yashi, ɗaya tana cire wa ɗaya ƙayar kifi, a bayansu tuta mai launin bakan gizo da rana ta koɗar. A gefen hoton wata tsohuwar Bagirkiya cikin baƙaƙen kaya tana wucewa da ledar tumatir, ko kallonsu ba ta yi. Na san abin da aka koya mana a islamiyya. Ba wanda ya tambaye ni ra'ayina. An ce in rubuta abin da ke akwai, na rubuta.

Shafi na tara shi ne na muryar mutumin tsibiri. Ƙawata ta ce ita za ta yi, da muryar mawaƙiyar, ranar da wata ɗalibarta ta bar tsibirin. Ta rubuta a kan gwiwarta a cikin jirgi, da baƙin biro, ta miƙo min da safe:

"Na tsaya bakin ruwa na gan shi ya shiga jirgi. Bai waiwayo ba. Ya bar mayafinshi a kan kujera, ban ɗauke ba. Ina son shi, ban faɗa mishi ba."

Ya yi kyau, har cikina na ji shi. Amma maimakon in faɗa mata haka, sai na zaro jan biron da na ɗauka a jakar aikin Umma, na ce, "Mace ce fa ta tafi. Namiji yana yafa mayafi?"

"To ai na sani mace ne."

"Mace ce."

"Gyara mana, Malam Bakano."

Na gyara. Wuri bakwai. Na soke "shi" na sa "ta", na soke "ya" na sa "ta", "bai" ya koma "ba ta", "mishi" ya koma "mata". Na yi su ƙanana, a tsaftace, kowanne a saman wanda na soke. Ina jin daɗi ina yi. Wannan ma sai na faɗa.

To wannan shafin Gwaggo ta juyo bayan ta gama da man zaitun da hoton. Ta ɗaga shi kusa da tabaranta, ta karanta da gyaran, tana jan kowace kalma.

"Na gan ta ta shiga jirgi. Ba ta waiwayo ba." Ta dube ni ta saman tabarau. "Wa ke hawa jirgi kullum? Ina son ta, ban faɗa mata ba. To ga shi ta faɗa. Rubutun wa ne wannan?"

Duk bayanin yana nan a jere a kaina, gwangwanin biskit, mawaƙiya, ɗaliba, jirgin ruwa ba na ƙasa ba. Amma tunda nake ban taɓa yi wa Gwaggo jimla uku a jere ba.

"Ke nake tambaya, 'yar nan. Rubutun wa ne?"

"Na ƙawata ne."

Abin da na ce ke nan. Kalma uku. Gaskiya ne kuma, shi ya fi ci min rai.

"'Yar zangon nan? Na faɗa! Tun ranar sunan nan da na ga tana dariya baki buɗe a gaban manya na ce wannan ba ta da mafaɗi. Wasiƙa ta rubuto wa 'yarku, ku kuna barci. Dubi, har malamar tana bi tana yi musu gyara da jan biro!"

Malamar tarihinmu 'yar Wales ce. Ko "sannu" ba ta sani ba. Da Gwaggo ta tsaya daidai da shan ruwa ɗaya ta yi tunani, da ta ga wannan. Ba ta tsaya ba, domin ba neman sani take ba, ta riga ta samu abin da za ta kai gidaje huɗu kafin Lahadi.

Amma Umma ta karɓi shafin. Na ga idonta ya sauka a kan jan rubutun ya tsaya. Umma ce ta koya min rubutu a teburin kicin. Ta san yadda nake gicciye "t" daga ƙasa zuwa sama, ta sha yi min faɗa a kai. Ta san biron ma, mako biyu tana nemansa. Ta ɗago ta kalle ni, na kalle ta. Sai ta ajiye shafin a hankali, ta ce, "Yaya, a bari Abbansu ya dawo daga tafiya mana."

"A bari? Ki bari dai. Ba ni lambar uwarta."

Umma ta ba ta.

Gwaggo ta sa wayar a speaker ta ajiye a kan fayil ɗina. Maman ƙawata ta ɗauka da fara'arta, ana jin ƙarar mai a kasko a bayanta. Matar da duk ranar da na je gidansu sai ta cika min roba da waakye, shinkafa da wakensu na Ghana, ta ce in kai wa Umma.

"Hajiya! Sannu, sannu. Yaya sanyi?"

"Ba gaisuwa ta kawo ni ba. Ki ja wa 'yarki kunne."

"Yarona? Ya yi me?"

"Ba yaronki ba, 'yarki! Mace! Ai matsalar ke nan, ku ba ku ma san bambancin ba."

Gwaggo ta karanta mata shafin, da gyarana, sau biyu. Ta faɗi kalmar nan ta madigo sau uku, na ƙirga. Ta ce su gidan mutunci ne, ba a saba musu da wannan ba, kuma kada ta ƙara ganin yarinyar a Lewisham. A can ɓangaren aka kashe wuta, ƙarar man ta tsaya. Da matar ta sake magana, muryarta ta ƙanƙance har ban gane ta ba.

"To, Hajiya. Na ji. Ba zai ƙara zuwa ba. Ku yi haƙuri."

Haƙuri ta ba mu. Mu.

Gwaggo ta sha shayi kafin ta tafi, da biskit biyu. Ta nemo takalminta na gindin radiator da yatsan ƙafa, ta ce wa Umma ta gode wa Allah da ya kawo ta yau. Umma ta raka ta har lif. Fayil ɗin kuma ta saka shi a wardrobe, tsakanin leshinta na biki.

Asabar da Lahadi ban yi magana ba, ba wanda ya lura, tunda dama ba na yi. Na wanke banɗaki har sai da hannuna ya yi fari. Ina gogewa ina jera su a raina. Gwaggo, wadda ta karanta kalma ɗaya a fayil mai shafi goma sha biyu, kamar kwamfutar laburare, sai dai ita kwamfutar ba ta kiran uwar kowa a waya. Ba ta ga kurmin dutsen da na zana sau biyu ba. Ba ta tambayi wane ne mai kan da ke waƙa ba.

Na tuna kuma da wata abokiyar aikin Umma a asibiti, Baturiya, wadda kowa ya san mace take aure. Ita ta karɓar wa Umma aiki ranar ƙaramar Sallah don mu je idi tare, har ta aiko mana da kek na lemo. Umma ta ce, "Matar nan tana da kirki, Allah ya shirye ta," ta yanka kek ɗin. Gwaggo yanka biyu ta ci, ta naɗe na uku a tishu. Ba wanda ya kira uwar kowa ranar. Amma yarinya 'yar shekara goma sha huɗu, mai hawo jirgi da duhun safiya don kada ta rabu da ajinta, ita ce aka iya.

Umma ta fi ba ni haushi a kan Gwaggo. Gwaggo ba ta sani ba, ba ta kuma so ta sani. Umma ta sani. Ta ga "t" ɗina. Ta auna ni da ƙawata da matar da ke cika mana roba a hannu ɗaya, ta auna fushin dangin miji a ɗaya hannun, ta miƙa lambar waya.

Sai in zo kan kaina, nan ne soson yake tsayawa. An yanke wa mutum kai, an jefa a ruwa, bai fasa waƙa ba. Ni nawa kan yana kan wuyana, da harshe a ciki, da Hausar da nake taƙama da ita, abin da na iya fitarwa shi ne "na ƙawata ne". Na tura wa ƙawata saƙo sau shida. Ko ɗaya bai shiga ba.

Ranar Litinin na tarar da jakarta a wani tebur, can gaba kusa da taga. Ba waƙa a kunnenta. An tsefe mata kitson da ta yi mako guda tana yi min kurinsa, an ɗaure gashin da ƙaramin ɗankwali. Da malamar tarihi ta tambayi fayil ɗinmu, ni da ba na magana a aji na ce na manta shi a gida. Ta ba mu zuwa Juma'a. Ƙawata ko juyowa ba ta yi ba.

Lokacin abincin rana na same ta a matakalarmu, amma hawa biyu sama da inda muke zama. Na tsaya a ƙasa riƙe da robar abincina.

"Sannu," na ce.

"Don't," ta ce.

Da Turanci. Tunda muka haɗu ba ta taɓa yi min Turanci ba in mu biyu ne. Ta ci gaba da shi, a sanyaye, kamar tana yi wa baƙuwa kwatancen hanya. An karɓe mata waya. Babanta bai yi mata magana ba tun Juma'a. Mamanta ta yi kuka a kicin, ta fasa zuwa wurin sunan da aka gayyace ta ranar Lahadi, don ta san waɗanda za ta tarar a can. Ana maganar a nema mata makaranta a Stratford bayan hutu.

"Ban ce wasiƙa ba ce," na ce da Hausa. "Wallahi ban ce ba."

"Me ka ce?"

Ta dawo Hausa, amma ba don ta buɗe min ƙofa ba.

"Na ce rubutunki ne."

"Rubutuna." Ta gyaɗa kai. "Ni 'shi' na rubuta. Ka tuna? Da an bar shi yadda na yi, da gwaggonka ya ce ina son wani yaro, a yi mini faɗa kwana ɗaya, ya wuce. Kai ka gyara. Kai ne mai Hausa mai kyau." Ta rufe robarta. "Kuma ko da gyaran, ai ba ni ba ne, mawaƙin nan ne. Ka sani. Kana tsaye a wurin."

"Na sani."

"To."

Ta tashi ta wuce ni. Gefen siket ɗinta ya taɓa hannuna. Na ji tana sauka, hawa goma sha ɗaya, sannan ƙofa.

Ban hau bas ba da aka tashi. Na taka ta cikin kasuwa, ta gaban masu doya da masu kifi, mai rumfar kayan marmari yana ta kiran kwano ɗaya kwano ɗaya. A tagar wani shago na ga kwalaben man zaitun a jere, na tsaya ina karanta inda aka yi kowanne kamar wata mahaukaciya. Ina tafe ina haɗa jimlolin, ina maimaitawa, don na san in ban haddace su ba za su gudu da zarar na ga fuskar Umma.

Tana kicin tana yanka albasa, rediyo yana magana ƙasa-ƙasa. Ban cire takalmi ba, ban ajiye jaka ba. Na zaro jan biron na ɗora a kan katakon yankan, kusa da wuƙa.

Ta kalle shi. "Ashe yana wurinki."

"Kin san yana wurina."

Wuƙar ta tsaya. Umma ba ta kiran sunana, ni ce 'yar fari. "Ke," ta ce, "da wa kike?"

"Da ke nake, Umma." Na jingina da firji. "Aikin makaranta ne. Tsibiri ne, sunansa ke nan, mutane suna zaune a can suna noman zaitun. Ita 'shi' ta rubuta, don haka suke magana, kin sha jin mamanta. Ni na mayar da shi 'ta'. Malamarmu ba ta jin Hausa. Kin ga rubutuna, na ga kin gani."

"To me kike so in yi? Gwaggonki ce. Kin san halinta. In na buɗe baki, gobe a Kano za a ji cewa na ɗaure wa 'yata gindi."

"Ita fa? Ita a Kumasi me za a ji?"

Ta share ido da bayan hannu. Albasa ce ko ba albasa ba, ban sani ba, kuma a lokacin ban damu ba.

"Za a cire ta daga makarantar," na ce. "Mamanta ba ta je suna ba jiya."

"Na lura ba ta zo ba," in ji Umma a hankali.

Wayarta tana kan microwave, a cikin jakarta mai tsagaggen gefe. Na ɗauko, na riƙe da hannu biyu kamar yadda ake miƙa wa babba abu, na miƙa mata.

"Umma, ki ɗauko fayil ɗin a cikin leshinki, ki buɗe shafi na tara. Ki kira mamanta yanzu, ki sa a speaker yadda Gwaggo ta sa. Ba sai kin ce komai ba in ba za ki iya ba. Ki gaishe ta kawai, ki ce ga 'yarki tana da magana, ki tsaya kusa da ni har in gama."